Yadda Falalu Ya Koya wa Rundawan Mafara Ƙwallon Turawa

Duk wanda ya ce maka dam ɗin Bakolori ruwa kaɗai ya kawo mana, bai san Falalu ba. Dam ya kawo ruwa, ya kawo katafila, ya kawo Turawa jajaye masu gajeren wando, sannan ya kawo wa ɗan ƙanena Falalu cutar da har yau ba a samu maganinta ba, wato cutar sanin komai.

Mu Rundawa ne, mahautan Talata Mafara, kaka da kakanni. A cikin Rundawa kuwa Falalu ne kaɗai ba a yarda a miƙa wa wuƙa, don in ya feɗe akuya, fatar sai dai a yi rariya da ita. Shi ya sa Sarkin Pawa Sambo ya ɗora masa aikin da ba ya son hannu: kai nama barikin Turawan dam a kan keke. To, shekarar da aka yi gasar kofin duniya a Ajantina, Turawan nan sukan rufe tagogin ɗakin cin abincinsu su kunna majigi, su kalli wasannin ƙasarsu da yadda 'yan wasa ke atisaye. Falalu ya riƙa leƙe ta ƙofar kicin, da cinyar sa a kafaɗa, ba ya jin ko kalma guda. Da safe ya fita ɗan kai nama, da yamma ya dawo mana koci.

Ba a ƙara samun sakat a kasuwa ba. In ka ce a yanko maka tsoka, sai ka ji yadda ake tsaron baya. Wata tsohuwa ta tambayi hanta, ya tsare ta har inuwa ta juya yana nuna mata bugun kusurwa da ƙafa.

Tun da ruwan dam ya cika, Sarkawa masunta suka taru wajen Maradun. Tsakanin Barunde da Basarke kuwa wasa ne tun na kakanni, su ce mana masu warin tumbi, mu ce musu 'yan ƙarni, ba mai fushi. Wata Talata, kasuwa ta cika maƙil, Ɗantani, babban samarin Sarkawa, ya kawo kifi ya tarar Falalu ya hau kan turmi yana bayani.

"Kai Falalu, mi kaka hwaɗi tun ɗazu? Ƙudaje sun bar nama sun komo bakinka."

"Ilimi nika raba ma mutane, ɗan ƙarni. Matsa can, ba naka ba ne. Kai da ƙahwarka ba ta san ƙasa ba sai laka."

"To ku hito mu buga mana."

"Da ku? Ku da ka tahiya kamar agwagi sun sha rana? Jama'a ku shaida! In Rundawa ba su ci Sarkawa ba, ni Falalu in ɗauki tiren kihi bisa kaina, in yi tallarsa cikin kasuwar ga, tun daga 'yan hatsi har tasha!"

Wanda ba Barunde ba ba zai gane ba. Barunde ya yi tallar kifi? Tun da aka kafa Mafara ba a taɓa ji ba. Wanda ya yi haka, jikokinsa ma sai an kira su da shi a wurin biki. Sarkin Pawa ya tofar da goron da ke bakinsa.

"Falalu, kunnenka ya ji abin da bakinka ya hwaɗi?"

"Ya ji, ranka shi daɗe."

"To nawa ma ya ji."

Na ja shi gefe, na ce, "Kai ɗan nan, ko tamaular tsumma ka taɓa bugawa?"

Ya ce, "Gwaggo, koci ba da ƙahwa shika aiki ba, da kai ne. Ke dai ji da hurarki."

Washegari ya kwashi samarin Rundawa ya kai su kwata, inda muke yanka, ya ce nan ne sansani. Ba mai kwana gidansa, don a cewarsa 'yan kofin duniya ba sa ganin matansu sai an ɗauki kofi. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar shanya fatu. Sannan ya kafa doka ta biyu: ba cin nama, sai taliya.

"Taliya?" in ji Nagode, wani siririn yaro mai gudu kamar barewa, wanda aka sa a gaba. "Koci, mu da anka yaye da romo?"

"Turawa taliya suka ci. Ka taɓa ganin Bature na tsotsar ƙashi?"

Matan gida ba su yi gardama ba. Suka riƙa murza taliya suna aikowa, da tsoka kwance a ƙarƙashi. Falalu ya gano, ya kafa bincike a ƙofar kwata, duk kwanon da ya zo sai ya tona shi da yatsa. Naman da ya kama kuma, don kada ya lalata 'yan wasa, sai ya sadaukar da kansa ya cinye. Kafin wata ya raba, samari sun zama kamar karan dawa, koci kuwa wuyansa ya yi ninki.

Da sanyin safiya sai gudu. Ya ce a majigi ya ga an jera wasu abubuwa masu tsini ana zagaye su da ƙwallo, don haka ya kakkafa ƙahonin shanu a ƙasa, ɗanyu, da sauran jini. Ungulayen Mafara kaf suka sauko. Nagode ya yanke ƙaho, ya yanke ungulu, ya yi karo da wata ungulun, ta buɗe fiffike ta bi shi har bakin titin Sakkwato.

Bayan gudu sai tausa. Turawa ana shafa musu mai a cinya, to mu me ya fi mana yawa? Kitse. Aka narka shi a kasko, aka mulke samari tun daga wuya har diddige. Suna ƙyalli kamar sabbin tukwane. Karnukan unguwa suka daina kwana gidajen iyayen gijinsu, suka tare a sansani.

Akwai kuma wani atisaye da ya fi ɗaure wa mutane kai. Sai ka ga ƙarti sun jeru suna gudu a hankali, a ɗaga ƙafa kamar ana zare ta daga taɓo, a buɗe baki sannu, a juya kai sannu. Masu wucewa zuwa gona suka riƙa tsayawa da jakunansu. Wani dattijo daga Dosara ya tambaye ni ko iskokin dam ne suka shige su. Na tambayi Falalu.

"Gwaggo, asirin ke nan da ba kowa ya lura ba. A kofin duniya, duk ƙwallon da anka ci, sai 'yan wasa sun sake cin ta sannu-sannu don na baya su gani. Da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Har hwaɗuwar gola sai ya sake ta daidai."

Ni ban taɓa ganin majigin ba, amma na san ƙarya in na ji ta. Na koma wurin furata don tana tsami.

Takalma kuwa ya aro na leburorin dam, manya masu ƙarfe a baki, waɗanda in jaki ya sa su sai ya nemi hutu.

Ana gobe wasa ya tara su don ya buɗe musu babbar dabara. Ya share ƙasa, ya jera ƙasusuwa: haƙarƙari su ne 'yan gaba, gwiwoyi 'yan baya, muƙamuƙin sa shi ne gola. Bai gama jerawa ba kare ya sure gola ya yi daji. Aka bi shi, aka dawo ba gola, aka sa dutse.

"Dabarar ga," in ji Falalu, "kukun Turawa ya ce mini sunanta sakata. Kulle gida ke nan. Kowa shi riƙe mutum guda. Inda ya tahi ka tahi. Ya tsaya ka tsaya. Ko numfashi zai yi, shi yi bisa kahwaɗarka. Kak ka dubi ƙwallo, mutuminka za ka duba."

Ya rarraba musu mutane. Da ya zo kan Ɗantani, wanda kowa ya san shi ne masifar Sarkawa, sai ya nuna Hashimu. Hashimu ƙato ne da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ba igiya. Amma da ya ji sunan, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

"Koci, a canza mini."

"Tsoro kaka ji?"

"Ba tsoro ba ne. Yayan iyalina ne."

Gaskiyarsa. A duk Rundawa Hashimu ne kaɗai ya auro 'yar Sarkawa, Taibatu, kuma Ɗantani ne wanta uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ba da aurenta da ubansu ya rasu. Mutum ba ya haɗa ido da irin wannan suruki, ba ya kama sunansa, ba ya wuce shi da takalmi a ƙafa. Yaron goye ma ya san wannan. Falalu ya kwashe da dariya.

"A kofin duniya babu suruki! Ka taɓa ganin Bature ya durƙusa ma wani cikin hili? Kai ne ka hi kowa ƙarhi, shi ne ya hi kowa gudu. Lissahi ya hita."

"Koci..."

"An gama. A kawo kitse."

Ranar wasa, bayan la'asar, aka haɗu a wani fili kusa da babbar magudanar ruwa. Gonakin mutane ne da katafila ta baje aka ce su dakata da shuka, suna ta dakatawa, to ko ba komai ranar sun ga amfanin wurin. Jama'a daga Faru, daga Dosara, daga Bakura, a keke, a jaki, a ƙafa. Masu kalangunmu suna gefe suna zuga. Aka ɗauko wani malamin firamare daga Bakura ya yi alƙalanci, don ba shi da nama ba shi da kifi. Har wasu Turawa biyu suka tsaya da jif ɗinsu suna kallo. Falalu, cikin baƙar kwat da baƙin tabarau a wannan zafi, ya ɗaga musu hannu irin na abokan aiki. Ni ina bakin layi da ƙwaryar fura.

Aka hura usur. Abin mamaki, kitsen nan ya yi rana. Duk Basarken da ya kama Barunde sai ya sulluɓe. Nagode ya ratsa tsakiyarsu kamar sabulu, ya kai ƙafa ya kuskure, ya faɗi zaune, ƙwallo ta bugi ƙeyarsa ta shige raga. Wayyo kalangu! Sarkin Pawa ya miƙe yana rawa da babbar riga. Ni kaina na yi guɗa, ba zan ɓoye ba.

Sai ga kwat a guje cikin fili.

"Tsaya! Alƙali tsaya! A sake ta sannu!"

Malam ya cire usur daga baki. "A sake mi?"

"Ƙwallon! Haka aka yi a kofin duniya. Na baya ba su gani ba."

"Mun gani!" in ji na baya. "Wallahi mun gani!"

Ɗantani ya matso, fuskarsa kamar ta liman. "Malam, koci ya hi mu sani. A sake. Sai dai in an sake, ta biyun ita ce ta gaskiya, ko koci?"

"Ai ta biyun ta hi kyau ma," in ji Falalu. "Ita munka hi yi ma atisaye."

Sarkin Pawa yana ihu daga can, kalangu ya danne muryarsa. Malam ya ce tunda ɓangare biyu sun yarda, shi nasa hura usur. Aka mayar da ƙwallo. Nagode ya taho a hankali, ƙafa ɗaya sama, baki buɗe. Sauran Rundawa suna binsa sannu kamar masu tafiya cikin kunu. Golan Sarkawa ya zauna a ƙasa, ya ciro rake daga aljihu, ya ɓare, ya sha gaɓa guda. Nagode ya iso, ya kuskure sannu, ya zauna sannu, ya miƙa ƙeya. Gola ya sa hannu ɗaya ya ɗauke ƙwallon kamar mai ɗaukar ƙwai.

Jama'a suka zube. Ɗaya Baturen ya kifa kai a kan sitiyari, ham na ta kuka.

Daga nan Ɗantani ya karɓi ƙwallo ya nufo gidanmu. Hashimu ya taso masa kamar bijimi, ƙasa na girgiza. Falalu na tsalle, "Sakata! Sakata!" Saura taku kaɗan, Hashimu ya ja birki, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Barka da la'asar, Yaya."

Ɗantani ya taka ƙwallo ya tsaya. "Barka kadai, Hashimu. Muna lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya gida? Ya iyali?"

"Sai godiya, Yaya. Ya ruwa?"

"Ruwa da albarka. Ya hama da taliya?"

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. A gaishe mini da Taibatu."

"Za ta ji, Yaya. A sauka lahiya."

Ya sauka lafiya kuwa, har cikin raga.

Falalu ya jefar da tabarau. "Hashimu! Mi na ce maka? Babu suruki!"

"Koci, can ne babu. Nan akwai, ga shi kana gani."

"To kak ka gaishe shi! Kun riga kun gaisa!"

Karo na biyu Hashimu bai gaishe shi ba. Ya dai bi shi a baya, kai sunkuye don kada su haɗa ido, har ya tunkuyi golanmu a ciki, suka faɗa raga su biyu, ƙwallo ta biyo su. Karo na uku ya ga sa takalmi da cirewa na cin lokaci, sai ya riƙe su a hannu. Ɗantani ya auna, ya buga masa ƙwallo a takalmin. Malam ya hura, ya ce hannu ne, fenariti.

"Takalmi ta buga!" in ji Falalu. "Tun yaushe takalmi ya zama hannu?"

"Tun da ya bar ƙahwa," in ji Malam.

Ana cikin haka wani Basarke ya fito daga fili ya zo wurina ya sayi fura. Ina damawa sai na ga inuwa. Barunden da aka ba shi yana tsaye a bayansa, haɓa a kan kafaɗarsa.

Na ce, "Kai kuma uban mi kaka yi nan?"

"Gwaggo, koci ya ce inda ya tahi in tahi."

Basarken ya ajiye ludayi, ya dube shi, ya yi taku biyu hagu. Namu ya yi biyu hagu. Ya zagaya jakin wani. Namu ya zagaya. Sai ya ƙwala wa 'yan'uwansa kira, "Kai ku taho ku sha hura, na biya!"

Sarkawa suka fito daga fili gaba ɗaya, Rundawa na biye da su ɗaya bayan ɗaya kamar awaki da 'ya'yansu. Wasu suka zauna gindin marke, wasu suka tafi ganin ruwa, wani ya kwanta, namu ya kwanta kusa da shi. Fili ya rage daga Ɗantani sai Hashimu a durƙushe, sai golanmu yana salati.

Falalu ya tuɓe kwat. "Ba ni takalman! Yau za ku ga yadda aka yi!"

Ya zura ƙafafunsa cikin takalman Hashimu, waɗanda zai iya kwana a cikin guda. Ya tunkari Ɗantani, faf, faf, faf. Ɗantani ya gangaro masa da ƙwallon har gabansa, ya ce, "Bisimilla, koci." Falalu ya ja baya, ya ɗaga hannu wa Turawa, ya kai duka da dukan ƙarfinsa. Ƙwallo ba ta motsa ba. Takalmi ne ya tashi, ya yi sama yana juyi, ya sauko ya kwashe rawanin Sarkin Pawa, ya wuce da shi cikin magudanar ruwa. Falalu kuwa ya sauka da baya a kan tabon kitsen da Nagode ya bari, ya zarce kamar an ja tabarma. Karnukan sansani, da suka biyo mu tun daga Mafara suna haƙuri, suka ga mutum a ƙasa, suka ce lokaci ya yi.

Ana tashi, Sarkawa suka ce tara suka ci, Rundawa suka ce bakwai ne, Malam ya ce shi tun a na biyar dariya ta hana shi ƙirga.

Ran Talata Falalu ya ce zazzaɓi yake. Sarkin Pawa, da aron rawani a kansa, ya aika aka ɗauko shi da zazzaɓin.

"Barunde ba shi haɗiye maganarsa. Gara a ce ɗayanmu ya yi tallar kihi da a ce ɗayanmu maƙaryaci ne. Aza mishi."

Ɗantani da kansa ya aza masa tire, ya zaɓo tarwaɗa manya masu rai. Suka tashi daga 'yan hatsi, kalangu a gaba, Sarkawa a baya suna tafi, kasuwa duk ta bar ciniki ta biyo.

"Kihi," in ji Falalu, can ƙasan maƙoshi.

"Na baya ba su ji ba!" in ji Ɗantani. "A sake!"

"Kihi!"

Wata tarwaɗa ta leƙo da wutsiya ta sharara masa mari a kunne.

Sun kai wajen 'yan tukwane sai ga wasu samari uku cikin fararen kaya sun sha gabansa, suka yi sallama, suka gaisa da kowa yadda ya kamata. Babbansu ya ce, "Don Allah kai ne Falalu koci?"

Falalu ya miƙe wuya, tire na rawa. "Ni ne. Babu wani."

"Daga Bakura munka zo takanas. Muna da wasa da Sarkawa bayan salla, shi ne munka zo roƙon arziki."

Falalu ya juyo ya dubi kasuwa, ya dubi Sarkin Pawa, ya dube ni. "Kun ji ko? Gwaggo, kin ji? Garin da anka san daraja ke nan! To samari, sharaɗina kun sani: ba nama, ba kwana gida."

"A'a koci, ba mu ba. Su Sarkawan muka so ka koya mawa. Taliyar mu za mu kawo."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya kamar ta Ɗantani ba. Ya yi tsalle ɗaya ya fizge tiren daga kan Falalu, tarwaɗa na zuba ƙasa.

"A'uzu billahi! Sarki, na yahe! Na yahe sauran tallar har tasha! Shi dai shi rantse ba shi taka ƙasar Maradun, ko biki ko suna!"

Mutane na riƙe da ciki, wata mai tukwane ta zauna kan hajarta ta fasa biyu. Falalu ya sa hannun riga ya goge yauƙin tarwaɗa daga kunnensa, ya gyara hula, ya jira hayaniya ta lafa.

"Kun dai gani da idonku," ya ce. "Tara sunka ci, kuma har yanzu tsorona suka ji."